Majanyi a Gindin Ƙofa

Ina tsaye a kicin ina yanka alayyafo wayar ta shigo. 'Yata ce, ta fari, wadda take aure a Birmingham, can unguwar Selly Oak kusa da jami'ar da take aikin bincike. Muka gaisa sama-sama yadda muka saba. Sai ta juya harshe zuwa Turancin nan nata na 'yan Manchester mai haɗiye rabin kalma. Ta ce tana da ciki. Kafin in gama cewa alhamdu lillahi ta ɗora da cewa sun yi shawara da mijinta, in Allah ya sauke ta lafiya ba sai na zo zaman jego ba. Wai shi zai ɗauki hutu a asibitin da yake aiki, za su iya.

Na ce, "To."

Ta ce, "Shi ke nan abin da za ki ce, Mama?"

Na ce, "Allah ya raba lafiya."

Ta ajiye wayar. Ni kuwa na ci gaba da yanka alayyafon nan har sai da ya koma kamar an daka shi a turmi. Zuciyata tafasa take yi. Jikana na farko fa! Da a gida ne, ita ce za ta tattaro kayanta ta dawo gabana wanka, babu mai tambayar ra'ayinta. A nan ga ni da raina da lafiyata, jirgin ƙasa ɗaya ne tsakaninmu, amma wai namiji ne zai yi mata jego. Me ya sani? Ya san kunun kanwa? Ya san yadda ake gasa cibiya? Likita ne, na ji, amma likitan ƙashi ne.

Da babanta ya dawo daga ofis na zayyana masa, ina yi ina buga murafen tukwane. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Ai kin san dalili."

Na sani mana. Shi ya sa abin ya fi ƙona min rai.

Tun ranar da aka raɗa wa yarinyar nan suna ban taɓa kiransa da bakina ba. "Ke" nake ce mata, in kuma ina ba da labarinta in ce "yarinyar nan". Ban taɓa yabon ta a gaban mutane ba, ban taɓa rungumar ta a gaban kowa ba. Haka na tashi na gani: uwa tana kunyar ɗan fari. Nawa mahaifiyar, Allah ya ji ƙanta, ni ce ta farinta, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa kallon tsabar idona ta yi min murmushi a gaban jama'a ba, ban kuma taɓa shakkar tana so na ba. Yo me zai sa in yi shakka? Gida cike yake da kakata da gwaggonnina, su ne masu goya ni, su ne masu yi min kirari, su ne kuma masu raɗa min a kunne cewa kwan zabon nan da na ci ita ta aiko. Amma mu mun ɗauko yarinyar nan tana tatata muka kawo ta wani fulat a unguwar Cheetham Hill a nan Manchester, babu kaka, babu gwaggo, babu mai raɗa mata komai. Sai ni da kunyata. Tana gani iyayen ƙawayenta suna sumbatar su a bakin makaranta, tana gani ina kiran sunan ƙaninta daga safe har dare, ina wasa da shi. Ta girma, ta yanke nata hukuncin. Ni kuma bakina ya riga ya saba, ya ƙi buɗuwa.

Babbar Sallah ta matso a lokacin. Babanta da abokansa sun san wata gona a cikin tsaunukan da ke arewa da Manchester, inda suke zuwa duk shekara su zaɓi ragunan layya, mai gonar ya kai musu mayanka. Ban taɓa bin sa ba, me zan je yi a cikin kashin tumaki? A bana ya ce in zo in sha iska, don na ishe shi da tsaki a gida.

Mazan suka nufi garke da mai gonar, ni na tsaya jikin wani shinge. A bayan shingen na ga wasu irin tumaki da ban taɓa ganin irinsu ba. Ƙanana ne, kalar makuba, kuma wallahi ragon cikinsu ƙaho huɗu gare shi, biyu sun miƙe sama, biyu sun lanƙwaso gefen kunci. Na ce a'uzu billahi. Babanta da ya zo wucewa ya ce wannan ai in aka yanka shi an yi layya biyu, ya tambayi matar gonar ko na sayarwa ne. Wata dattijiya ce kakkaura, fuska jawur, da takalman roba har gwiwa. Ta yi dariya ta ce waɗannan ba su da kuɗi. Ta ce tsohon iri ne da ya kusa ƙarewa a ƙasar gaba ɗaya, don mahauta ba sa son su, ba su da nama. Abin da ya hana su ƙarewa a gonarta shi ne gashinsu: mijinta ya aske su sau ɗaya a shekara, ita ta wanke ta kaɗa, 'yarsu ta saƙa barguna da mayafai, mutane su saya.

Ta ce in zo in gani. Na bi ta don kar in yi rashin ta-ido.

Wani tsohon ɗakin dutse ne, da an ce na shanu ne. Ina shiga na ji wani ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, na tsaya cak. Masaƙa ce. Wata matashiya ce a zaune tana taka ta da ƙafa tana jefa ƙoshiya. A garinmu masaƙar ƙafa ta maza ce, mata tasu a jingine take da bango, amma ƙarar ɗaya ce. Rabon da in ji ta tun ina budurwa. A gefe ga buhuna cike da ulu, sabon aski, yana warin tumaki. Mu tumakinmu na gida gashi ne kawai a jikinsu, ba a yin komai da shi, don haka ban taɓa riƙe ulu ɗanye a hannuna ba. Na ɗebi kaɗan, ban ma san na fara ba, sai ga yatsuna suna ja suna murzawa. Kakata ce ta koya min kaɗi, ina zaune a gindinta da mazari da alli da ɗan ƙoƙo, in na tsinka zare ta ɗaka min duka a cinya.

Matar gonar ta dube ni ta ce, "Ke kin iya."

Na ce, "Auduga na iya."

A nan tsaye abin ya zo min. A gidanmu in mace za ta yi haihuwar fari, uwarta ce take kaɗa zaren majanyi, ta kai wa masaƙa, ranar suna a kawo shi cikin kaya. Ba a cewa komai, kowa ya san hannun da ya yi. Nawa ma haka aka yi min. Na ce a raina, to, an hana ni jego, ba a hana ni wannan ba. Na yi wa matar bayani da Turancina na kicin ɗin makaranta, inda na yi aiki shekara da shekaru: wani ɗan ƙyalle ne mai tsawo, ba faɗi sosai ba, wanda ake ɗaurawa a kan zani in an goya yaro, shi yake tallafe shi kar ya zame. Ta kira 'yarta, suka yi ta jayayya a gabana a kan ko ulu zai iya, uwar ta ce zai saki, 'yar ta ce ba zai saki ba in zaren tsayen ya yi ƙarfi. Uwar ta ce mata mai taurin kai, 'yar ta ce ai gado ta yi, ta miƙo wuya ta sumbaci uwar a goshi. Na kawar da kai. Haushinsu na ji, ba zan ɓoye ba.

Suka tambaye ni na wa ne. Na ce wata yarinya ce za ta haihu. Babanta da ya shigo nema na yana tsaye a bakin ƙofa, sai na ji ya yi wani tari na munafunci. Ban ko kalle shi ba.

Muka dawo gida da buhun ulu a but ɗin mota. Matar ta ja min kunne sosai a kan wankinsa: ruwa mai ɗumi kawai, kar in cuɗa, kar in murɗe, in jiƙa in tsame, in ba haka ba zai dunƙule ya zama tabarma. Ke! Wanki babu cuɗa? Hannuna har ƙaiƙayi yake yi a bakin bahon. Haka na daure. Na shanya shi a kan tsohon labule a falo, gidan ya ɗauki wari, babanta ya ce shi da ya san turke zai dawo da ya zauna a ƙauyensu. Na ce ƙofa a buɗe take.

Mazari kuwa ni na haɗa abina. Na sayo tsinken tsire a wani shagon 'yan Pakistan da ke kan babban titinmu, na dunƙula yumɓu irin na wasan yara na soke a gindinsa, na bar shi ya bushe a kan hita. Na samu ɗan kofin shayi da hannunsa ya karye na mayar da shi ƙoƙo. Alli ma na nema, ashe ba a buƙata, ulu da mansa yake zuwa, har yatsuna suka yi laushi.

Da na tara zaren farko na ɗauka na shiga tiram, jirgin nan na cikin gari, na sauka na hau bas, na kai musu ina ji da kaina. Matar gonar ta ja zaren ta saki, ya nannaɗe kansa kamar an taka tsutsa. Ta ce na murɗa shi da yawa, murɗin auduga na yi masa, ulu ba ya son haka, in aka yi bargo da wannan sai ya kankare wa mutum fata. Raina ya ɓaci. Na ce a ba ni abina. 'Yar ce ta karɓe shi daga hannun uwar, ta naɗa a yatsu ta ja iya ƙarfinta, bai tsinke ba. Ta ce wannan shi take nema na tsaye, in ci gaba da yin irinsa, sai kuma in koyi sassautawa don na kwance. Sassautawar ce ta ba ni wahala. Hannun da ya saba da abu tun yarinta ba ya jin magana. Na ɓata ulu ba kaɗan ba, kuma duk wanda na ɓata sai na ji nauyin matar, don na san sai wata shekarar za a sake aski.

Haka na cinye ƙarshen bazara da kaka. In na idar da sallar walaha in zauna jikin taga inda haske yake, in yi ta yi har la'asar. Kafaɗata ta dama ta riƙe, likitar unguwarmu ta tambaye ni ko na fara wani sabon motsa jiki ne, na ce e. Yarinyar nan kuwa muna waya jefi-jefi. In ce, "Ya jikin?" Ta ce, "Da sauƙi." In ce, "Ki dinga cin abinci." Ta ce, "Ina ci." Mazarin yana kan cinyata a lokacin, amma ko da wasa ban ce mata ga abin da nake yi ba.

Ranar da aka ɗora shi a masaƙa na je. 'Yar gonar ta tashi ta ba ni kujerarta, ta ce sai na jefa ƙoshiya ko kaɗan ne. Na jefa, gefen ya ɗan karkace, ta ce a bar shi haka. Ba mu sa masa rini ba, kalar tumakin ce, makuba mai duhu da ratsin mai haske a bakin biyu. Da aka sauke shi na zauna na tufke gezarsa ɗaya bayan ɗaya. Matar gonar ta kawo min shayi ta zauna kusa da ni, ta ce, "Yarinyar nan da za ta haihu, 'yarki ce ko?" Na ce shayin ya yi daɗi.

Cikin tsananin sanyi aka haihu, namiji. Mijinta ne ya kira babanta ya faɗa masa. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi sujada, na yi kukana ni kaɗai, na wanke fuska na fito na ce, "Madalla." Ranar suna muka je da safe kamar kowane baƙo. Gidan ya cika da matan likitoci da ɗalibai 'yan gida, kowa da kular abincinta. Na ɗauki angon nawa, na ce masa ya cika baƙi, ni ban ga abin da zan yi da wannan mijin ba, aka yi dariya. Uwarsa kuwa ko gefenta ban zauna ba, mutane sun yi yawa. Da za mu tafi na miƙa mata jakar kaya: atamfofi, kayan jariri, yaji, kanwa. Majanyin yana can ƙasa. Ta zaro shi ta juya, ta ce, "Wannan fa?"

Idanun mata suna kaina. Na ce, "Daga wata gona aka samo."

Ta ce, "Oh. An gode." Ta ajiye shi a hannun kujera.

A mota babanta ya ce, "Daga wata gona aka samo." Na ce ya kula da titi.

Aka yi arba'in ban koma ba, ba a kuma ce in zo ba. Hotuna kawai ake turo wa babanta, shi yake nuna min. Ina kallon hoton ina ganin yarinyar nan tana zubewa, idanunta sun faɗa, amma in na kira ta ce komai lafiya. Na fara saddaƙarwa. Na ce shi ke nan, haka zan zama kakar hoto, yaron nan zai girma ya san ni a matsayin wata tsohuwa da ake kai masa ziyara da Sallah. Wannan tunanin ya hana ni sakat, abinci ma ba ya min daɗi.

Wata Asabar babanta ya ce yana da wani taro a Birmingham, in zo in raka shi, ya ajiye ni wajen yara ya wuce. Na san ƙarya yake, taron me ranar Asabar? Amma na yafa mayafina.

Ya sauke ni a bakin layinsu ya ja mota. Irin gidajen nan ne na jan bulo da suke manne da juna, rabin layin duk ɗalibai ne, kwandunan shara a ko'ina. Tun daga waje nake jin kukan jariri. Ta buɗe min ƙofa da shi a kafaɗa, kanta ko ɗankwali babu, rigar duk tumbuɗi. Mijin hutunsa ya ƙare, yana asibiti. Ta ce, "Mama? Ba ku ce za ku zo ba." Na ce hanya ce ta biyo da mu. Ta ce yaron tun asuba yake yi, in an ajiye shi kuka, in an ɗauke shi kuka, abin goyon da suka saya mai maɗaurai kamar na laimar sojan sama ya ƙi shi sam.

Ta tura ƙofar falo da ƙafa, wani abu ya tokare ta daga ƙasa, ta sa ƙafa ta shure shi gefe. Muka shiga, ta mayar da ƙofar, ta sake sa ƙafa ta turo abin ya toshe ƙasan ƙofar. Tsofaffin gidajen nan iska tana shigowa ta nan. Na kalli abin. An naɗe shi kamar tabarma, ya yi ƙura, gashi da zare sun manne masa, gezar ta cukurkuɗe.

Majanyina ne.

Ni dai ban san lokacin da na sunkuya na fizgo shi ba. Na ce, "Ke! Mene ne wannan?"

Ta ce, "Abin nan ne da kuka kawo. Yana tare iska sosai."

"Yana tare iska! Iska na kaɗa wa shi? Tun kafin Babbar Sallah nake zaune a kan abin nan, kafaɗata har yau ba ta koma daidai ba, gidana ya yi warin tumaki har maƙwabta suna tambaya, na hau tiram na hau bas na hau tsauni cikin ruwan sama, don ki samu abin shuri da ƙafa? Ke wace irin yarinya ce? Majanyi ne! Majanyin ɗanki ne!"

Yaron ma sai da ya yi shiru.

Ta tsaya tana kallo na. Ta ce, "Kin ce daga gona aka samo."

"Daga gona aka samo mana! Ƙarya na yi? Tumakin a ɗakina suke?"

"Ke kika yi?"

"A'a, aljanu ne."

Ta zauna a hannun kujera a hankali. Ta miƙo hannu ɗaya, na ba ta, ta shimfiɗa shi a cinya tana bin zaren da yatsa. Da ta ɗago, idanunta sun kawo ruwa, amma ba kukan daɗi ba ne, faɗa ne ya taso mata. Ai 'yata ce. Ta ce, "To me ya sa ba za ki faɗa ba? Me ya sa komai sai na yi duba? Ta yaya zan sani, Mama? Wa zai gaya min?" Daga nan Hausar ta ƙare mata, ta koma Turanci, ta zazzage min tas. Ranar da ta ci kyauta a makaranta na ce mata ta gyara ɗankwalinta. Ranar da ta gama digiri na tsaya a bayan mutane, ko hoto sai da babanta ya jawo ni. Ranar aurenta kowa ya rungume ta ban da ni. Ta ce ta hana ni zuwa jego ne don ba za ta iya ba, tana cikin ciwo, ta ga ina zaune a ɗakinta ina kallon bango.

Kowace magana ta same ni, don babu ƙarya a ciki. Na ji kamar in nutse. Amma bakina bai san lallashi ba, faɗa ya sani, don haka da faɗan na amsa. Na ce, "Ranar kyautar taki wa ya kwana yana guge miki kaya? Ranar digirin da na tsaya a baya, kin san me nake yi a bayan? Kuka nake yi, ba na son a gani a ce dube ta, mara kunya, tana rawar kai a kan 'yar fari! Haka aka yi min, haka na iya. Ke kina ganin akwai wani mahaluƙi a duniyar nan da zan zauna wata da watanni ina murza gashin tunkiya dominsa in ba ke ba? Ƙanin naki da kike cewa na fi so, ko hula ban taɓa saƙa masa ba!"

Sai ta fashe da dariya, hawaye yana zuba. Ni ma na ji tawa tana tasowa, na danne, na ce ba abin dariya ba ne. Yaron ya ga an manta da shi, ya dawo da kukansa sabo fil.

Na karɓi majanyin na fita ta ƙofar baya na kakkaɓe shi sosai, na tsince gashin, na warware gezar da yatsu. Ko zare ɗaya bai tsinke ba. Da na dawo na tarar da ita a tsaye a tsakiyar falo, ta ɗauko ɗaya daga cikin atamfofin da na kawo ranar suna, ko ɗinki ba a yi mata ba. Ta ce, "Ban iya ba. Ban taɓa yi ba."

Na ce, "Juya. Sunkuya. Ba haka ba, ke ba ruku'u za ki yi ba, ɗan rage."

Na ɗora mata yaron a gadon baya, na buɗe 'yan ƙafafunsa, na tallafe kansa. Na yafa zanin, na nuna mata yadda za ta soke na sama a ƙirji, ta ja na ƙasa ta ɗaure. Tana ta cewa zai faɗo. Na ce ba a taɓa yi ba a danginmu, ba kuwa za a fara a kanta ba. Sannan na kawo majanyin na zagaya shi ta ƙarƙashin ɗuwawun yaron, na zo gabanta na ja na ƙulle da kaina. Rabon da in tsaya kusa da ita haka, har ina jin numfashinta a goshina, tun tana firamare. Ta fi ni tsawo, ban ma lura da yaushe hakan ta faru ba.

Na ce, "Miƙe. Yi tafiya. Ɗan jijjiga."

Ta kai bango ta dawo, ta sake kaiwa ta dawo. Kukan ya koma ƙunƙuni, ƙunƙunin ya koma ajiyar zuciya. Kafin ta yi na huɗu angon nawa ya kwantar da kunci a bayanta, baki buɗe. Ta tsaya cak tana tsoron motsi. Ta ce da raɗa, "Ya yi barci?" Na zagaya na duba, na sa tafin hannuna a tsakanin kafaɗunta, saman kansa, na ce ya yi.

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Akwai gado a ɗakin baya. Ban san ko an wuce lokacin jegon ba."

Wani abu da ya tokare min ƙirji tun ranar alayyafon nan na ji ya sauka. Alhamdu lillahi na dinga yi a zuci, ban san adadi ba. A fili kuwa na ce, "An wuce mana. Amma tunda ga yadda kika koma kamar kazar da ruwa ya daka, zan duba in gani." Ƙarya nake, na riga na gama tsara tukwanen da babanta zai kwaso min daga Manchester.

Na motsa zan je in ɗora ruwan kunu. Ta ce, "Mama, kar ki cire hannunki tukuna."

Ban cire ba.